Finafinan Mayu Da Na Kalla, Da Wanda Ya Fi Tsaya Mini A Rai

Duk cikin finafinan ban tsoro, na mayu da matsafa su ne nawa. Na gawarwakin da ke tashi suna cizon mutane ba sa ɗaga mini hankali, haka na ƙaton da ke bin 'yan makaranta da gatari. Waɗannan abin wata duniya ne can. Amma maita, duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san zancenta tun yana ɗan mitsitsi. An hana mu karɓar abin hannun wance, an koya mana cewa "kurwata kur" idan wata tsohuwa ta ƙura mana ido, an ba mu labarin ƙanƙarar da ke cikin maye, da cewa wai a nono ake shan abin. Shi ya sa idan fim ya taɓo wannan fanni, da kunnen wadda ta san maganar nake saurarensa.

Wajen wani yaro mai tura finafinai a waya, a bakin layinmu, nake samun yawancinsu. Kwamfutarsa cike take da fassarar Indiya da na Koriya da masu dogon zango na Kannywood, don haka da na miƙa masa sunayen da nake nema a takarda sai ya ce, "Anti, waɗannan fa babu fassara, kuma babu faɗa a ciki." Na ce su nake so. Ya nemo mini, kuɗin ma bai taka kara ya karya ba. Matsalar kawai ita ce ya saba matse fim ya zama ƙarami don kada ya cika wa mutum waya, alhali irin waɗannan finafinan rabinsu a duhu aka ɗauka. Kwafin farko da ya ba ni baƙi ƙirin ne, sai murya. Da na koma bai yi musu ba, ya sauya mini da mai nauyi, na haɗa da talabijin.

Wanda na ɗora a sama shi ne The Witch na Robert Eggers, wanda aka fara nunawa a 2015, kuma shi ne fim ɗinsa na farko. Labarin a yankin New England na Amurka yake, wajejen shekarun 1630. Wani magidanci mai suna William ya samu saɓani da dattawan garinsu kan addini, aka kore shi, ya kwashi matarsa da 'ya'yansa ya je bakin wani ƙungurmin daji ya kafa gona. Wata rana babbar 'yarsa Thomasin, wadda Anya Taylor-Joy ta fito a matsayinta, tana yi wa jaririn gidan wasa, ta rufe fuskarta da tafukan hannu ta buɗe, yana dariya. Ta sake rufewa, da ta buɗe babu yaro, sai ciyawa na motsi ta wajen dajin. Ba a yi minti goma da fara fim ɗin ba ke nan.

Mai son ya kalla ba tare da ya san ƙarshe ba, to ya yi haƙuri, domin ba zan iya faɗin abin da ya sa nake son fim ɗin ba sai na taɓa shi.

Akwai mayya a dajin, fim ɗin bai ɓoye ba, tun da wuri ya nuna ta. Amma ba ita ce ta rushe gidan ba. Masara ta lalace a gona, yunwa ta kunno kai, uwa ta kasa daina kukan jaririnta, sai aka fara neman wanda za a ɗora wa. Akwai wani kofin azurfa na uwar da ya ɓata. Ta tsare Thomasin a kan abinci tana tuhumarta, uban yana zaune ya yi gum, alhali shi ya ba da kofin a ɓoye ya karɓo tarkon farauta. Wannan shirun nasa ya fi duk wani abin da ke cikin dajin tayar mini da tsigar jiki. Sannan ga wani wuri a bakin rafi, inda ƙanwarta Mercy ta ishe ta da tsokana, sai Thomasin ta ce mata ai ita ce mayyar da ta sace jaririn, don dai ta tsorata ta ta yi shiru. Wace yaya ce ba ta taɓa yi wa ƙanwarta irin wannan barazana ba? To wannan maganar ta wasa ita aka ɗauko daga baya, ranar da Caleb, ƙanin Thomasin, ya dawo daga daji ba ya cikin hayyacinsa, ya amayar da tuffa, ya rasu a gabansu. Tagwayen gidan, wato Mercy da ɗan'uwanta, suka ce sun kasa karanta addu'a saboda Thomasin. Ita kuma ta ce ai su ne ke hira da baƙin bunsurun gidan. Uban ya rasa wanda zai gaskata, ya tura su duka ɗakin awaki ya buga katako a ƙofa.

Na san wannan yanayin, ba a fim na fara ganinsa ba. Ina 'yar firamare akwai wata tsohuwa a lungunmu mai sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a kusa, kuma ba 'yar asalin unguwar ba ce. Wani yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi har yana sambatu, a cikin sambatun ya ambaci sunanta. Kafin la'asar an cika ƙofar gidanta. Aka fito da ita ba mayafi, aka kai ta tsakar gidan su yaron, aka shimfiɗe shi a tabarma aka ce sai ta tsallaka shi ta sakar masa kurwa. Tana rantsuwa da Allah tana kuka, zanenta na kwancewa tana riƙewa da hannu ɗaya, ta tsallaka. Washegari aka kai yaron asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, aka yi masa allurai ya warke. Mutanen lungu suka ce tsallakawar ce ta yi aiki. Daga ranar babu wanda ya ƙara sayen daddawarta, ba a jima ba ta tashi. Kakata, Allah ya jiƙanta, tana cikin 'yan kaɗan da suka ƙi fita kallon. Abin da ta ce da mahaifiyata shi ne, "Ke dai ki ji tsoron Allah, kada bakinki ya shiga. Wanda ya ga ƙanƙarar da idonsa ya zo ya faɗa mini." Muna cewa in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba, kuma gaskiya ne zafin rashin ɗa ba ya gushewa. Sai dai ita ma wadda aka yi wa ƙazafin ba ta mantawa, kuma ba kasafai ake tambayar ta ba.

Eggers ya fahimci wannan sarai. Bai mai da iyayen miyagu ba. Mutane ne masu ibada, masu son 'ya'yansu, tsoro da talauci da kaɗaici suka ci ƙarfinsu. An rubuta a ƙarshen fim ɗin cewa yawancin maganganun an ɗauko su ne daga rubuce-rubucen mutanen wancan zamanin, har da takardun kotu. A wannan yankin ne dai, a garin Salem, aka yi shari'ar mayu ta 1692, inda aka rataye mutum 19, 14 daga cikinsu mata, aka kuma danne wani dattijo mai suna Giles Corey da duwatsu har ya mutu. Abin da ya faro ta kuwa 'yan mata ne ƙanana da suka riƙa faɗuwa suna kiran sunayen maƙwabta.

Inda nake da ja da fim ɗin shi ne ƙarshensa. Bayan kowa ya mutu, Thomasin ta bi bunsurun, ya yi mata magana da muryar Shaiɗan, ta sa hannu a littafinsa, ta shiga daji cikin mayu. Na gane abin da ake son nunawa, wato an yi ta kiran yarinya mayya har aka toshe mata kowace ƙofa sai wannan. Amma an ɗauki wurin kamar wata 'yanci ta samu, tana dariya tana tashi sama, ni kuwa asara na gani, yarinyar da ta buɗe fim ɗin da neman gafarar Ubangijinta ta ƙare a hannun maƙiyinta. Mu Musulmi ba ma musun sihiri. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta yi zancensa, Falaƙi ta koya mana neman tsari daga masu tofi a ƙulle-ƙulle, kuma yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. Don haka ba zan iya yi wa wannan ƙarshen tafi ba. Ga kuma tsiraici a wurin, da wani a farkon fim ɗin mai tayar da zuciya. Ba na yara ba ne, ba kuma na kallo a falo da surukai ba. Turancinsa ma tsohon yayi ne, sai da rubutu a ƙasa.

Na biyu a wurina The Blair Witch Project ne, na 1999. Ɗalibai uku sun shiga daji kusa da garin Burkittsville a jihar Maryland don su ɗauki labarin wata mayya, suka ɓata, wai daga baya aka tsinci kasa-kasan da suka ɗauka. Ƙirƙira ce, amma lokacin fitowarsa an tallata shi kamar da gaske, har da sanarwar cigiyar 'yan wasan. An fara shi da kuɗin da bai kai dala dubu 100 ba, ya kawo kusan dala miliyan 250. Har aka gama ba a nuna mayyar ba ko sau ɗaya. Tarin duwatsu ne a bakin tanti da safe, da 'yan itatuwa da aka ɗaure kamar mutum aka rataye a bishiya, da muryar yara cikin dare. Ƙanena da muka kalla tare ya ce an cuce shi, tunda bai ga komai ba. Ni kuwa rashin ganin ne ya kama ni, don haka tsoron maita yake a wurinmu: ba wanda ya taɓa gani, kowa ji ya yi, sai a tsinci ƙulli a bakin ƙofa gida ya hargitse. Aibinsa girgizar kyamara, mai saurin jin jiri ya yi hattara.

Suspiria na Dario Argento, na 1977, kowa yabonsa yake yi. Wata Ba'amurkiya ta je makarantar rawa a Jamus ta tarar matsafa ke riƙe da ita. Launukansa, musamman ja, da kiɗan ƙungiyar Goblin, ba a magana. Amma labarin ba shi da kauri, jini ya yi yawa, kuma ban damu da ko mutum ɗaya a ciki ba. Na ji daɗin kallo, ban ɗauko komai ba.

Häxan ya fi shi zama a raina, duk da cewa na 1922 ne, ba murya sai rubutu. Benjamin Christensen ya yi shi a kan yadda aka riƙa farautar mayu a Turai. Akwai wata tsohuwa matalauciya da aka kama bayan wani magidanci ya kwanta ciwo, aka gana mata azaba har ta amsa laifin da ba ta yi ba, sannan ta shiga lissafo sunayen wasu matan. Fuskar tsohuwar nan da aka matso da kyamara kanta, da hawaye a cikin tamoji, ta isa dalilin neman fim ɗin. Shi ma akwai wuraren da ba su dace da yara ba.

Namu na gida fa? Mun taso da kasa-kasan Kudu da ake sayowa a Sabon Gari, na mayu masu taro a kan bishiya da tsakar dare, an shafa musu baƙi da ja a fuska suna ƙyaƙyata dariya. Sun tsorata mu muna yara, amma akwai wanda ba na yafe wa, End of the Wicked na 1999, da ya nuna ƙananan yara a matsayin mayu masu cin iyayensu. Masu kare haƙƙin yara sun daɗe suna sukarsa, ganin yadda aka riƙa korar yara da azabtar da su a Akwa Ibom da Kuros Riba da sunan maita. A Kannywood kuwa boka muka fi gani: jan ƙyalle, ƙwarya mai hayaƙi, dariya mai amsa kuwwa, kishiya ta zo a haukata mata abokiyar zama, a ƙarshe asiri ya karye ta haukace ita. Saƙon mai kyau ne, sai dai tun fitowar bokan ka san inda za a ƙare, kuma kusan kullum wadda ake zargi ita ce mai laifin. Ina jiran ranar da wani darakta a Kano zai ɗauki labarin irin tsohuwar lungunmu, ya tsaya a gefenta, ya nuna mana yadda magana ɗaya ke fita daga bakin yaro mai zazzaɓi ta zagaye unguwa kafin a kira sallah.

Wata 'yar Zambiya ta riga ta yi makamancin haka. Rungano Nyoni ta fitar da I Am Not a Witch a 2017, bayan ta je ta zauna a wani sansanin matan da ake zargi da maita a Ghana, kuma fim ɗin ya ci kyautar finafinai ta Birtaniya, BAFTA, a 2018. Labarin wata yarinya ce ƙarama, Shula, da aka ce mayya ce don kawai wata mata ta faɗi da bokitin ruwa bayan ta gan ta a hanya. Aka kai ta sansani, aka ɗaura mata dogon farin zare a baya kamar sauran matan, wai don kada su tashi sama, wani jami'in gwamnati kuma ya shiga yawo da ita yana samun kuɗi. Ba fim ɗin tsoro ba ne a tsarinsa, akwai ma wuraren ban dariya, kuma shi ne kaɗai cikin waɗannan da na zauna na kalla tare da Umma. Yawancin maganar da harshen Nyanja ake yi, don haka duk mai zuwa a tura masa ya tabbatar kwafin yana da rubutun Turanci a ƙasa kafin ya bar shagon.