Matatar ruwa mai gawayi da na saya a Katako, da zancen ragowar maganin ciwo a ruwa

Matatar da nake magana a kanta irin ta ƙarfen nan ce mai hawa biyu. A zuba ruwa a tukunyar sama, ya riƙa ɗiga ta cikin kyandir biyu na farin yumɓu, ya taru a ta ƙasa, sai a murɗa ɗan fanfo a tara kofi. Tana ɗaukar wajen lita 20. A wani shago cikin kasuwar Katako na saye ta, jikka 30 bayan mun sha ciniki. Akwai ta roba mai sauƙin kuɗi, amma na bar ta, don kowane kyandir na wannan cike yake da gawayi na musamman, kuma gawayin ne ya kai ni kasuwar.

Aikin farmasi nake yi a nan Yamai, kullum hannuna na kan farasitamol da ibuprofen da diclofenac. Ban da abin da muke sayarwa, ga masu talla da tire a ka, ga tramol da ƴan ga-ruwa da leburori ke sha don jiki ya ɗauki aiki. Ƙwayar da aka haɗiya jiki ba ya cinye ta duka. Wani kaso yana fita ta fitsari da bayan gida, wani yadda yake, wani ya sauya kama. Man diclofenac na shafawa kuwa mafi yawansa a kan fata yake tsayawa, ruwan wanka ke tafiya da shi. Daga masai ya tsuma cikin ƙasa ya nufi rijiya, daga kwata ya gangara Gunti Yena, ƙoramar da ta ratsa garin, ya faɗa kogin Isa, kuma mafi yawan ruwan ƙazantar garin nan ba ya bi ta wata tashar tacewa kafin ya isa can.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na maƙwabtanmu ne. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar sun samu tramadol, wato tramol, a saiwar tafashiya a Kamaru, har aka ɗauka itacen ne ke yin maganin da kansa. A 2014 wasu masanan daga Dortmund ta Jamus suka bi sawu, suka tarar manoman arewacin Kamaru na sha, suna kuma ba shanun noma don kada su gaji. Fitsarin dabbobin ne ya shiga ƙasa da ruwa, saiwoyi suka tsotsa. Duk wanda ya san yadda ake ɗura wa shanun amalanke da jakuna magani a karkararmu ya san labarin bai yi nisa da mu ba. Diclofenac ma ya yi ɓarnar da ba a manta ba: a Indiya da Pakistan da Nepal ungulaye sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, saboda cin mushen shanun da aka yi wa magani da shi, yana kashe musu ƙoda. A 2004 aka gano dalilin, a 2006 Indiya ta hana ba dabbobi shi. Sannan binciken da jami'ar York ta Ingila ta jagoranta, wanda ya fito a 2022, ya ɗebi ruwa daga koguna 258 a ƙasashe 104, kuma wuraren da maganin ya fi yawa sun haɗa da Lahore da La Paz da Addis Ababa, garuruwan da ke fama da irin matsalar kwatarmu.

Ba na son in tayar wa kowa hankali fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba zancen, ta ce abin da ake samu a ruwan sha ya yi ƙasa ƙwarai da awon da likita ke rubutawa, sau da yawa fiye da ninki 1,000. Kifi da tsuntsu ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Ruwan fanfon gari kuma daga Gudel da Yantala ake ɗebo shi, sama da inda Gunti Yena ke zuba. Sai dai unguwarmu fanfo bai wadata ba, ruwan ƴan ga-ruwa da na wata rijiya muke haɗawa, rijiyar kuma masai sun kewaye ta. Ga tsohuwa mai ciwon ƙoda a gidan.

To, matatar. Wajen laka da ɗanɗano ban da abin cewa sai yabo. Lokacin damina, sa'ad da ruwa ke zuwa jajawur, yana fitowa garau a tukunyar ƙasa, warin jabel ya tafi, shayin maigida ma ya gyaru. Idan na kwance kyandir ɗin zan tarar da jar laka ta lulluɓe shi, in goge da soso mai laushi ba sabulu, farinsa ya dawo. Yumɓun ke tare laka da mafi yawan ƙwayoyin cuta. Maganin da ya narke a ruwa kuwa ratsa yumɓu yake yi ya wuce, kamar yadda sukari ke wuce rariyar koko. Tafasa ruwa ba ya fitar da shi, alif ma laka kawai yake kwantarwa.

Nan ne aikin gawayin. Ba irin na girki ba ne, kada wani ya daka na murhu ya zuba. Ana yin sa da ɓawon kwakwa ko itace, a sake gasa shi da tururi mai tsananin zafi har cikinsa ya cika da ƙananan ramuka, ta yadda faɗin cikin giram ɗaya kan kai murabba'in mita 1,000. A bangon ramukan nan magani ke maƙalewa. Dabarar ta gaskiya ce: tun 2016 dokar Suwizalan ta tilasta wa manyan tashoshin ruwan ƙazanta ƙara matakin gawayin nan ko na ozon, wata iska mai wargaza sinadarai, don cire irin su diclofenac. Jinkirin matatar, wanda yara ke ƙorafi a kansa, alheri ne a nan, domin gwargwadon daɗewar ruwa a jikin gawayi, gwargwadon abin da zai kama. Da dare nake cika ta, da safe mu samu na sha.

Inda na ja da mai shagon shi ne da ya ce mini, "Hajiya, wannan ko guba kika zuba sai ta tace." Na ce, "Alhaji, ɗauko mini kwalin mu duba tare." Akwai ma'aunin Amurka mai suna NSF/ANSI 401, wanda ake gwada matata da shi a kan abubuwa 15, ciki har da ibuprofen da naproxen. Kwalin nan ba shi da wannan shaida, ba a kuma rubuta nauyin gawayin da ke ciki ba. Don haka na ɗauke ta a matsayin mai rage ragowar magani, kuma ba zan ce wa kowa tana kawar da shi ƙaf ba. Mai son abin da ya fi haka sai ya nemi injin osmos, mai matsa ruwa ta cikin wata siririyar fata, wanda ke son wuta da ƙarfin fanfo, yana kuma zubar da ruwa mai yawa, abin da gida mai sayen jarka ba zai iya ba.

Babban aibinta shi ne gawayi na cika, kuma ido ba ya ganewa. Ruwa zai ci gaba da fitowa garau alhali ramukan sun toshe tuni. Ruwa mai dauɗa ya fi saurin cika shi, shi ya sa nake fara kwantar da na rijiya da alif kafin in zuba. Takardar ta ce a sauya kyandir duk wata shida, amma da na koma nema shagon ba su da shi, sai da na zagaya har Babbar Kasuwa na samu mai irin bakin zarensa. Wanda zai saya ya haɗa da kyandir na ajiya tun ranar, ya tabbatar mai gawayi ne, don akwai na yumɓu zalla da suka yi kama da shi sak, ya kuma rubuta watan da ya ɗaura a jikin murfin.