Yaya, ga amsar tambayarka kan fam-akshin ɗin nan ta Texas

Assalamu alaikum Yaya, da fatan an tashi lafiya, ya jikin Hajiya, ya yara, ya kuma aka ji da haƙurin abin da ya faru a bayan gari makon jiya, Allah Ya kuɓutar da waɗanda aka tafi da su. Na saurari boyis ɗinka tun daren Talata, na ga maganar ta fi ƙarfin boyis shi ya sa na bari sai yau da ba ni da aiki. Tambayarka biyu ce, wai da gaske ne a nan mutum na shiga kanti ya sayi fam-akshin, wato bindigar nan da ake jan hannunta kafin kowane harbi, kamar mai sayen buhun shinkafa, sannan ko zan iya cusa guda ɗaya a motar da za mu loda a kwantena. Ta biyun tun yanzu a'a, zan dawo kanta. Ta farkon kuwa gaskiya ne, yanzu haka ma akwai ɗaya a gidana, ban dai taɓa faɗa ba ne don kar Hajiya ta daina barci.

Duk shekarun da na yi a Houston ko sha'awar taɓa ta ban yi ba, sai da guguwar Beryl ta buge mu ranar 8 ga Yulin 2024, gidaje da shaguna sama da miliyan 2 suka rasa wuta, mu unguwarmu kwana shida muna cikin duhu ga zafi kamar Sakkwato a watan Afrilu, ka ga Amurka an koma janareto da mafici. A dare na uku aka ɗauke janareton maƙwabcina yana kan aiki, yana kwance sai kawai ya ji tsit. Kuma ka san gidajen nan ba katanga ba get ba maigadi, tagogi ba ƙarfe, ƙofar baya gilashi ce zalla daga sama har ƙasa. Daren nan a falo na kwana da taɓaryar maman yara a gefena, da gari ya waye na ce a'a.

Kantin da na je na kayan wasanni ne, Academy, nan takalman gudu, can ƙugiyar kamun kifi, ga tukunyar gashin nama, sai can ƙurya bindigogi jere a bango yadda ake jera shadda a Kantin Kwari, kowacce da farashinta a maƙale, ba tayi ba ragi, sai ma harajin kashi 8.25 da za a ɗora maka a wajen biya. Na ba da lasin tuƙi da girin kad, aka ba ni fom 4473 a kwamfuta, tambayoyi ne eh ko a'a, an taɓa ɗaure ka kan babban laifi, kana shan wiwi ko ƙwaya, kotu ta taɓa kama ka da dukan iyali, an taɓa kwantar da kai asibitin ƙwaƙwalwa da umarnin hukuma, kuma yin ƙarya a fom ɗin shi kansa laifin ɗauri ne. Suka tura sunana wajen FBI, tsarin nan NICS na binciken tarihin mai sayen bindiga da ke aiki tun 1998, amsa uku ce, a ba shi, a dakata, ko a hana. Tawa ta dawo kafin in gama zaɓen harsashi. Awa ɗaya ba ta cika ba ina mota da kwali a but, ban san kowa ba, ban gaida kowa ba, ban kai hoton fasfo guda huɗu ba. Amma ɗalibi ko mai bizar ziyara ba a sayar masa haka nan, sai da wasu sharuɗɗa kamar lasin farauta. Wani abin kuma, Amurka da ake mayar da takalmi bayan an sa shi, bindiga kam in ka fita da ita ta zama taka, in ta ba da matsala sai dai ka aika wa kamfanin.

Guda biyu ne suka riƙe kasuwar, kamar dai Bajaj da Jincheng a zamaninsu. Remington 870 tun 1950 ake yin ta, an ƙera sama da miliyan 11, jikinta ƙarfe ne tana da nauyi. Mossberg 500 ta biyo baya a farkon shekarun 1960, jikinta alminiyon, ta fi sauƙi a hannu, kuma maɓallin kulle kunamarta a sama yake inda babban yatsa ke sauka, ni da nake bahago wannan kaɗai ya raba gardama. Akwai ƙanwarta Maverick 88 da ake haɗawa a Eagle Pass nan cikin Texas a bakin iyakar Meziko, dala 200 da 'yan kai, wato wayar da ke hannun babban ɗanka ta fi ta tsada. Na Turkiyya ma sun cika wurin da araha, irin dai waɗanda muke gani a hannun 'yan sintiri a hotuna. Ni Mossberg na ɗauka mai zuwa da baki biyu a kwali, dogo mai inci 28 na farauta da gajere mai inci 18 da rabi na gida, musanya su ba ya buƙatar ko sifana. Rabin incin nan da dalili, dokar tarayya ta 1934 ta ce in bakin ya gaza inci 18 ba tare da rajista ta musamman ba laifi ne da zai iya kai mutum shekara 10 a gidan yari, don haka irin aikin da ake kai wa maƙeri a gida a ce a ɗan rage mata tsawo, a nan mai hankali ba ya ko tunaninsa.

Ranar farko na sha kunya. An ce tana cin harsashi biyar a cikinta ɗaya a baki, na sa biyu na uku ya ƙi shiga, na danna na danna, har na fara cewa ashe a nan ma ana sayar da jabu. Na tsallaka wajen maƙwabcin nan mai janareto, dattijo ne tsohon soja, ya yi dariya har da tari, ya buɗe littafin da ke cikin kwalin wanda ko kallonsa ban yi ba, ashe wani ɗan siririn katako ne kamfani ke sawa a ciki saboda dokar farautar agwagwa da kurciya ba ta yarda da fiye da harsashi uku ba.

Shi ya kai ni filin koyon harbi. Yaya wallahi abin da ake nunawa a fim daban, harbin farko da na yi da mai lamba 12, wato lambar faɗin bakinta, sai da na ji kamar jaki ya harbe ni a kafaɗa, kwana uku ina ɗaga hannu a kabbara da ƙyar don ban manna gindinta da kyau ba. Kuma maganar nan da ake yi a majalisa wai fam-akshin ba sai ka saita ba, tana watsuwa ta kwashe kowa, ba haka ba ne, a tazarar falo zuwa ƙofa ramukan da ta yi a takarda tafin hannuna ya rufe su, kuskure kuwa sai ka yi shi sarai. Ga shi in ka ruɗe ba ka ja hannunta ya kai ƙarshe ba sai ta cije, na yi haka sau biyu da rana tsaka ba mai kora ta, to ina ga ƙarfe ukun dare.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai bangon gida ne. Mu mun saba da bulo da siminti, ko ginin ƙasa mai kaurin kamu biyu. Nan gida katako ne aka lulluɓe da wani allo mai kama da silin fi'ofi, ranar da muka tare ƙafar kujera kawai ta bugi bango sai ga rami. Harsashin da aka fi saye don tsaron gida, wanda suke kira dabul-o, ƙwayar dalma tara ce a kwanso ɗaya kowacce ta kusa girman gujiya. Dattijon ya jera guntayen allon nan a fili ya ce in harba, ƙwayoyin suka fice ta baya kamar an huda takarda. Da na dawo gida na tsaya a bakin ƙofar ɗakina na miƙa hannu saitin ƙofar shigowa, sai na ga abin da ke bayan bangon gadon Auta ne. Jikina ya yi sanyi. Washegari muka juya ɗakin yaran gaba ɗaya, maman yara tana ta mita wai na ɓata mata tsari.

To sai kwalliya, nan ne kuɗi ke tafiya. Bature da bindigarsa kamar ɗan acaɓa ne da sabon babur, sai ya ga abin da zai ƙara maƙala mata, kuma komai ana kawowa har ƙofa cikin kwana biyu, kayan kwalliyar fa, ita bindigar in ka saya ta intanet dole a sauke ta wajen dillali mai lasisi ka je ka cike fom ɗin nan. Na ga wadda aka lafta wa kaya har ta fi galan ɗin ruwa nauyi. Ni uku na yi. Na farko tocila, don kar mutum ya harbi inuwa alhali ɗansa ne ya fito shan ruwa. Na fara sayen wata mai arha ta dala 20, harbi na bakwai ta mutu murus, girgizar ta kashe ta, dole na koma na sayi Streamlight da ta haura dala 100, araha dai ba ta ado. Na biyu na canza gindin zuwa na Magpul mai ƙari da ragi, don na asalin an yi shi ne wa dogayen mutane masu jibga rigar sanyi, maman yara ko kunamar ba ta kaiwa da kyau. Na uku ɗan maƙalin harsashi a gefe. Irin wadda ake cire gindin gaba ɗaya a bar mariƙi kamar fistol kuwa na gwada ta wani a fili, kyau a hoto, amma wuyan hannu ne ke shan wahala kuma saiti sai Allah. Da na tara rasit, kwalliya da sef, wato akwatin ƙarfen kulle ta, da kuɗin fili da harsashin koyo sun ninka kuɗin bindigar kusan sau uku.

Sef ɗin shi ne sharaɗin maman yara, ta ce ko akwatin ƙarfe ko ita da yara su koma gidan yayarta a Dallas. Kuma tana da gaskiya, a Texas laifi ne ka bar bindiga da harsashi inda yaro ɗan ƙasa da 17 zai kai hannu. A 2021 mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a ƙasar nan, fiye da rabi su suka kashe kansu, kuma tun 2020 ita ce kan gaba wajen ajalin yara da matasa, ta wuce hatsarin mota. Shi ya sa ko gidan abokai yaran za su je wuni sai ta tambaya ko akwai, kuma a kulle take.

Doka a nan tana bayan mai gida, tun 2007 Texas ta ƙarfafa cewa wanda aka fasa wa gida ba dole ya gudu ba kafin ya kare kansa. Duk da haka malamin da ya koyar da mu cewa ya yi ka tara iyali a ɗaki ɗaya, ka kulle, ka kira 911, ka bar ɓarawo ya tafi da talabijin, inshora za ta biya, lauya kuwa kai za ka biya. Ka ga ita bindigar ta cike 'yan mintocin nan ce kafin motar 'yan sanda ta iso, kuma ana tsammanin mutum ɗaya ne ko biyu. Ku kuwa masu zuwa muku babura talatin ne kowanne da goyo da AK, ga wanda za a kira ɗin ma sai an yi sa'ar sabis. Harsashi shida da ba ya cin dogon zango, ka yi lissafin da kanka.

Maganar kwantena kuma, fitar da bindiga daga Amurka ba lasisi laifin tarayya ne, girin kad ɗina da komai sai ya tafi, kafin ma a zo ga Legas. Ka tuna 2017 da kwastam suka kama fam-akshin 661 a watan Janairu, suka sake kama 1,100 a Tin Can a watan Satumba. Dokarmu ta 1959 ta raba abin uku, bindigar toka wajen kwamishinan 'yan sanda, ta farauta wajen Sufeto Janar, manyan sai shugaban ƙasa, kuma 'yan sanda sun sha lissafa fam-akshin cikin haramtattu. Ko lokacin da Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi bindiga a 2022, ai 'yan sanda fitowa suka yi suka ce an dakatar da ba da lasisi.

Abin da zan sa a motar shi ne fitilun sola guda shida masu kamawa da kansu in an gifta, da tocila irin tawa guda huɗu ka ba yaran da ke kwana a bakin layi. Kuɗin get ɗin ƙarfe da kason gidanmu na 'yan sintiri zan turo ranar Juma'a in sha Allah, ka sa mai walda ya auna tun yanzu, ya yi sakata ta ciki sama da ƙasa. A gaida Anti da yara. Hajiya kuma don Allah kar wannan saƙon ya kai kunnenta, ka san ƙanwarmu da karanta mata komai.