Wane kayan aiki za ka ɗauka don tantance fayil tsakanin Windows, Mac da Linux?

A shagonmu na Nima, a Accra, muna kwafar wa'azi daga kwamfutar Windows zuwa wata mai Linux, ƙanena kuma Mac yake riƙe. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafi, fayil ya lalace ba ka sani ba, sai malam ya dawo da fulash yana faɗa. Shi ya sa sikirif ɗinmu, ƙaramar manhajar da muka rubuta, yake kwatanta lambar tantancewa kafin kaya su fita, wato lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil, wadda ke sauyawa in fayil ya lalace.

Cikin hanyoyin lissafa lambar, ka ɗauki SHA-256, mai haruffa 64. MD5 an karya ta tun 2004, SHA-1 kuma Google da masu bincike na Amsterdam sun karya ta a 2017. Wannan ba abin jayayya ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda kowane kayan aiki ke rubuta amsa. Linux na da sha256sum, Mac na da shasum -a 256. Dukansu ƙananan haruffa suke bayarwa, sai sunan fayil a gaba, don haka suna jituwa. A Windows, Get-FileHash manyan haruffa yake fitarwa, certutil kuma layi uku yake bugawa, lambar na tsakiya. Na kwana ina zargin fulash, ashe "A" da "a" ne suka ƙi haɗuwa. In waɗannan za ka riƙe, ka mayar da komai ƙananan haruffa, ka yanko lambar kaɗai. Kuma kada ka adana amsar da alamar > a PowerShell 5.1, wurin buga umarni na Windows, don da tsarin haruffa na UTF-16 yake rubutawa, sha256sum ba zai karanta ba.

Ni dai yaren rubuta manhaja na Python na zaɓa. hashlib ɗinsa, ɓangaren da ke lissafa lambar, amsa iri ɗaya yake bayarwa ko'ina, muddin ka buɗe fayil da "rb", wato a karanta shi yadda yake ba sauyi. Aibinsa sai ka girka shi a Windows, kuma wanda ya sayo tsohuwar kwamfuta a kasuwar Circle ta Accra ya san wahalar data. Mai kwamfuta iri ɗaya ba ya buƙatarsa, abin da ya zo da ita ya isa.

In fayil ɗin rubutu ne kuma lambobi suka ƙi daidaita, duba ɓoyayyar alamar ƙarshen layi tukuna: Windows CRLF yake sawa, sauran LF, Git kuma, manhajar adana sauye-sauyen fayil, kan sauya su shiru in an kunna zaɓinta na autocrlf.