Masaukin da munka sauka a Albarasin, ƙasar Sifaniya

Jama'ar Sakkwato masu karatu ko kasuwanci a Turai, in Allah ya kai ku Sifaniya kada ku tsaya Madrid da Basalona kawai, akwai wani ɗan gari a kan dutse ana ce mai Albarasin, a lardin Teruwel cikin yankin Aragon, mutanensa ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Masaukin da munka sauka can nake so in yi magana a kai, wani tsohon gida ne wata dattijuwa da ɗanta ke kula da shi.

Abin da ya fi shiga raina shi ne gaskiyarsu kan abinci. Yankin Teruwel da naman alade ya yi suna, cinyarsa ce rataye kusan kowane kanti. Tun da matar ta ji mu Musulmi ne ta zauna ta faɗa mana wanne da wanne za mu guje wa, har wani abincinsu na gutsuren burodi, migas, ta ce da kitsen alade ake soya shi ko da ba ka ga nama a ciki ba. Kifin gulbi ta soya mana da man zaitun a kasko daban, ta tsaya sai da na gani da idona, ga cuku na madarar tumaki ga ƙwai da dankali. Wallahi wannan kaɗai ya biya kuɗin.

Ɗan nata shi ya zagaya da mu kuma ya san garinsu. Ya nuna mana cewa sunan garin daga Banu Razin ya fito, wasu Barbar Musulmi, 'yan asalin Arewacin Afirka, da sunka mulki wurin a ƙarni na 11 lokacin da daular Musulunci ta Ƙurɗuba, a kudancin Sifaniya, ta wargaje. Gulbin da ya kewaye garin, Guwadalabiyar, shi ma suna ne daga Larabci. Munka hau har hasumiyar Andado ta ƙarni na 10, ganuwa ta bi ƙashin dutsen ta haura sama, daga can kana ganin gidaje jajaye-jajaye saboda irin farar ƙasar yankin mai ja da anka yi yaɓe da ita, lunguna matsattsu kamar na cikin gari wajen Hubbare, wasu benaye ma sama ta fi ƙasa faɗi har suna neman haɗa kai. Tun 1961 gwamnatinsu ta sa garin cikin kayan tarihi na ƙasa, shi ya sa ba mai rushe nasa ya kafa siminti yadda ya ga dama.

Inda za ku sha wuya: mota ƙasa ake barinta, da ƙafa za ka ja akwati bisa duwatsu, don haka kada a kai tsoho mai ciwon gwiwa. Ɗakunan ƙanana ne amma tsaf, ruwan zafi bai yanke ba. Sanyi kuwa ba a magana, garin ya haura mita 1,100 bisa teku, a tafi da rigar sanyi mai kauri. Ban ga masallaci ba, a ɗaki munka yi salla, kuma ku riƙe butarku.

Ni dai na ba su huɗu da rabi cikin biyar. Ku kwana, kada ku yi zuwa-da-dawowa daga birnin Teruwel, motar haya ba ta yawa, kuma da rana tsaka shaguna rufewa suke sai wajen la'asar.