Shagon turi a Bauchi Road mai tsofaffin finafinai marasa kala

Masu tura fim a Jos sun fi a ƙirga amma kusan kayansu iri ɗaya ne, Indiya fassara, siris ɗin Turkiyya, sai sababbin Kannywood. Wannan shagon yana ta wajen Bauchi Road, ɗan ƙarami ne ma, benci ɗaya da kwamfuta biyu, abin da ya raba shi da saura kawai shi ne mai shagon ya tara tsofaffin finafinai baƙi da fari a folda guda, kuma ya kalle su, ba tarawa kawai ya yi ba. Kuɗin turin daidai yake da na ko'ina.

In ba ka saba da irin su ba ka fara da Chali Chaplin, Modern Times na 1936, ba ya buƙatar ka iya Turanci ko kaɗan. Wajen da yake ɗaure noti a kamfani har hannunsa ya saba, aka tashi aiki yana ta neman abin ɗaurewa a jikin mutane, yaran gidanmu da suka ce su ba sa kallon fim mara kala sai ga su suna dariya har da faɗuwa.

Amma wanda ya tsaya min a rai shi ne Bicycle Thieves, fim ɗin Italiya na 1948. Talaka ne a birnin Rum bayan yaƙin duniya na biyu, ya samu aikin manna fosta da sharaɗin sai yana da keke, matarsa ta kai zannuwan gadonsu jingina aka karɓo keken, ranar farko da fara aiki ɓarawo ya ɗauke. Shikenan labarin fa, shi da ɗan yaronsa suna ta gararamba a gari neman keke, kasuwa kasuwa, ana ruwa. Babu dambe babu waƙa. Wanda ya fito a uban ma ba ɗan fim ba ne, leburan kamfani ne aka ɗauko, shi ya sa fuskarsa ba ta yi kama da ta mai wasa ba. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan napep ɗin da aka sace wa abin hawa alhali bai gama biyan mai shi ba zai gane fim ɗin nan tun kafin a je rabi, ƙarshensa kuma ba zan faɗa ba, ka dai kula da idon yaron.

Ɓangaren Indiya nan ne ya fi kaya, akwai Awaara na Raj Kapoor da Nargis na 1951, akwai Pyaasa na 1957. In za ka karɓi Mughal-e-Azam na Dilip Kumar da Madhubala ka ce na asali na 1960 kake so, don akwai wanda aka shafa wa kala a 2004, ni dai kalar ba ta yi min ba wallahi, fuskokin sun zama kamar an yi musu fenti. Seven Samurai na Japan ma yana nan, 1954, kusan awa uku da rabi ne sai ka shirya, masu son Sholay za su ga inda aka samo batun ƙauyen da ya yi hayar mayaƙa su kare shi daga 'yan fashi. 12 Angry Men kuwa mutum 12 ne a ɗaki ɗaya suna musu kan hukuncin wani yaro, yana da kyau sosai amma sai mai jin Turanci.

Matsalar shagon kuma, wasu finafinan hotonsu dishi-dishi ne kamar daga kaset aka kwafo, kuma rubutun fassarar da ke fitowa a ƙasa fayil ɗinsa daban yake, yaron shagon sai ya manta bai tura ba, ka je gida ka kunna ka ji ana ta Japananci ba ka san me ake cewa ba. Shi yaron ma bai san foldar sosai ba, in oga ba ya nan gara ka dawo. Ka je da filas ɗinka mai girma, da safe kafin ɗalibai su cika wajen, kuma ka sa a buɗe maka kowane fim ka ga rubutun ya fito kafin ka biya.