Faifan juya kan jirgi a tsarin DCC: zobe mai tsaga ko na'urar sauya wuta?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce tunda ya mayar da ƙaramin jirgin ƙasansa na wasa kan DCC, wato tsarin sarrafa jirgi da saƙon dijital ta ƙarafan layi, duk sanda faifai ya juya kan jirgi ya zo sauka, sai wuta ta ɗauke. Yana tambayar wanne zai sa cikin biyun.

Malam, dalilin ɗaya ne. Idan gadar, wato guntun layin da ke juyawa a kan faifai, ta yi rabin zagaye, ƙarfen dama ya koma hagu, taya na taka mahaɗa sai shot, wato wayoyin wuta biyu sun haɗu. Dikoda, ƙaramar na'urar da ke karɓar umarni a cikin kan jirgi, ba ruwanta da wace waya ke kan wane ƙarfe, abin da ake so kawai gada ta dace da layin da ta fuskanta.

Zobe mai tsaga, irin wanda ke cikin faifan kamfanin Peco, yana ƙarƙashin gada, an raba shi gida biyu, burushi biyu na gogarsa, wayoyin suna musanya da kansu. Ba sai ka sayi komai ba. Amma a bakin tsagar wuta na yankewa na ɗan lokaci, fitila ta mutu, kan jirgi mai sauti ya yi shiru ya sake tashi daga farko. Kada tsagar ta faɗo daidai wani layi. Sannan idan ka tsaya a tsakiyar faifai kana duban waje, layukan ɓangare ɗaya ka haɗa musu jar waya (ɗaya daga wayoyin wuta biyu) a ƙarfen hagu, na ɗaya ɓangaren a ƙarfen dama. A nan aka fi yin kuskure.

Na'urar sauya wuta, kamar Digitrax AR1 ko PSX-AR, tana buƙatar zobba biyu marasa tsaga. Waya biyu su shiga daga babban layin wuta, biyu su fita zuwa gada kaɗai. Da ta ji shot take musanya su kafin busta, na'urar da ke ba layi wuta, ta farga ta yanke wutar, sauti ba ya katsewa. AR1 da rile (makunnin da maganaɗisu ke motsawa) take aiki, dole ka daidaita ta ta riga busta motsawa, in ba haka ba matsalar na nan. PSX-AR ba ta da rile, ta fi sauri.

Akwai kuma makunnin DPDT na hannu, wanda kai ne za ka riƙa musanya wayoyin biyu da shi, mai arha, sai dai mantuwa ɗaya ta isa ta kashe wutar.

In kawunan jirginka masu sauti ne, ɗauki na'urar. In ba su da shi kuma faifanka ya zo da zobe mai tsaga, bar shi haka. Ko wanne ka zaɓa, bar tazarar kamar milimita 1 tsakanin ƙarafan gada da na layi, injin juya faifan kuma ka ba shi wutarsa daban.