Lauyar da ta ƙwato wa yarana kuɗin baya: inda ta burge ni da inda ofishinta ya gaza

Wata goma sha ɗaya na yi ina hulɗa da wani ƙaramin ofishin lauyoyi masu shari'ar iyali a nan Kanada, kan kuɗin ciyar da yarana biyu. Mata da yawa sun bi ni ta bayan fage suna tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunan ofishin dai ba zan kama ba.

Mun rabu da babansu a 2017, kotu ta yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata. A ƙasar nan alƙali ba da ka yake yankewa ba. Tun 1997 akwai jadawalin gwamnatin tarayya da ke duba kuɗin shigar mai biya a shekara, da yawan yara, da lardin da yake zaune. A 2019 ya canza aiki, albashinsa ya yi sama sosai, amma bai ce uffan ba. Ni a bakin yara na fara jin ƙishin-ƙishin, da labarin sabuwar mota. Da na yi wa Yaya maganar sai ta ce, "Ke dai ki bar wa Allah, kada a ce kin kai uban 'ya'yanki kotu." Haka na yi ta kawaici har ƙarshen 2023.

Ranar da na fara ganin lauyar, da jaka guda na rasit na je: na takalman sanyi, na likitan haƙori, na tabarau. Ta ɗan leƙa ciki ta ture jakar gefe. Tambaya ɗaya ta yi min: yaushe na fara yi masa maganar ƙari? Na ce ban taɓa kai ƙara ba. Ta ce ba ƙara take nufi ba, magana, ko da saƙon waya ne. Muka duƙufa a kan wayata ina ta jan WhatsApp baya, hannuna har rawa yake, sai ga shi a watan Maris na 2021. Layi biyu na rubuta, cewa yara sun girma kuɗin ba ya isa, ko zai duba. Amsarsa kalma biyu ce: "Zan gani." Nan take ta sa na ɗauki hoton saƙon da kwanan watansa, na tura mata tun ban tashi daga kujerar ba.

Bayanin da ya biyo baya shi ne abin da na fi yaba mata. Da farko ta raba min abu biyu da nake haɗawa. Ariyas daban: kuɗin da kotu ta riga ta yanka amma ba a biya ba. Nawa kuwa yana biyan abin da aka yanka, matsalar ita ce ya kamata a ce adadin ya ƙaru tun tuni. Ta ce ma'aunin yana cikin hukuncin Kotun Ƙolin Kanada na 2006, shari'ar D.B.S. da S.R.G. Alƙali zai duba dalilin jinkirin mai nema, da halin da mai biya ya nuna, ko ya ɓoye samunsa ko ya yi barazana, da yanayin da yaran suka shiga, sannan ko biyan zai jefa shi cikin ƙunci. A ƙa'ida ana komawa ranar da aka fara tada maganar, amma yawanci ba a wuce shekara uku kafin ranar da aka sanar da shi a hukumance, sai fa idan shi ne mai laifin ɓoyewa. Wato da na ƙara 'yan watanni ina kawaici, da saƙon nan nawa ya fara faɗawa bayan layi.

Ta kuma ba ni labarin shari'ar Michel da Graydon ta 2020, inda uba ya riƙa faɗin ƙasa da ainihin samunsa shekara da shekaru, kotu ta sa ya biya dala 23,000 duk da 'yar ta riga ta girma. Abin da ya tsaya min a rai shi ne cewa kuɗin haƙƙin yaro ne, ba na uwa ba. Shekara nawa ina ganin kamar roƙo zan je yi.

Ba ta yi min daɗin baki ba. Ta ce ya sake aure, da jariri a gidan, alƙali zai saurari wannan. Ta ce shirun da na yi daga 2021 zuwa 2023 za a tambaye ni dalilinsa, kuma kunya kaɗai ba lallai ta wadatar ba. Na ji haushinta ranar, daga baya na ga gaskiyarta.

To amma ofishin, sai haƙuri. Minti shida-shida suke lissafin lokaci, ko gaisuwa kika tsaya yi a waya ta shiga takardar biya. Ban gane ba sai da takardar farko ta zo, kuma ya kamata a faɗa min da baki tun ranar farko, ba a binne shi a shafi na huɗu na takardar yarjejeniya ba. Akwai lokacin da na yi sati uku ina tura imel babu amsa. Mataimakiyarta sau biyu tana neman takardun harajina da na riga na bayar, sannan ta rubuta shekarar haihuwar ƙaramin ba daidai ba. Ni na gano kuskuren, kuma lokacin gyaran ma sai da aka sa min a lissafi. Da na yi ƙorafi sun cire, ba tare da musu ba.

Ba mu kai ga cikakkiyar shari'a ba. Da aka tilasta masa fito da takardun harajinsa na shekarun baya, lauyansa da kansa ya nemi sulhu. Ni tun daga 2019 nake so. Lauyata ta ce muna da hujja, amma kuɗin zaman kotu zai iya cinye bambancin. Muka tsaya a Janairun 2020, zai riƙa biya kaɗan-kaɗan a kan sabon adadin wata, kuma duk shekara dole ya turo takardar harajinsa. Har yanzu watannin nan da na bari suna ɗan sosa min rai.

Mai saƙo ko wasiƙa a hannu, wadda za ta iya bin sawun ofis da kanta, zan tura ta wurin wannan lauya ba tare da ɗar ba. Wadda ke son a riƙa kiranta ana kwantar mata da hankali, ta nemi wani wajen. Yaya kuwa, da kuɗin farko ya shigo na kira ta, ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta tambaye ni ko lauyar tana karɓar na 'yarta.